Taƙin da Na Ƙara wa Gurun Malam Jibo

Tun da na dawo daga Barno ba ku bar ni na ɗinka takalmi ko ƙafa ɗaya cikin natsuwa ba. In na zauna a rumfa ranar kasuwar Roni, wannan ya zo, "Tanko, da gaske ka shiga motar yaƙi?" Wancan ya zo, "An ce Faransawa sun tuɓe ka a kasuwa." Har Ilu mai gyaran keke, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Ɗambatta, yana ba da labarina yana zuba masa gishiri. To ku gyara zama in faɗa muku sau ɗaya daga tushe. Wanda ya sake tambayata bayan yau, sai ya sayi takalmi tukuna.

Yayata Hansai, wadda ke zaune a Gwiwa, 'ya'yanta maza biyu ne, kuma duka soja. Babban, Haruna, ya shiga tun lokacin yaƙin basasa. Yanzu saje ne a cikin masu motar sulke, irin mai tafiya a kan sarƙa da doguwar igwa a ka. Autan, Bala, bai fi shekara uku da shiga ba, sojan ƙasa ne, daga shi sai ƙafarsa sai bindigarsa. Haruna shi ne ɗanta na fari, kun kuwa san kunyar ɗan fari a wajen matanmu, balle Yaya da kakarmu Bafillatana ta raina. Shekara talatin da 'yan kai ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Da yana ƙarami "yaron nan" take cewa, da ya shiga soja ya koma "na cikin ƙarfe". In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, tukunya take kallo tana amsawa. Bala kuwa, sunansa ya fi goro zama a bakinta.

Ana gama yankan gero wasiƙar Bala ta iso, malamin firamare ya karanta mata. Ya ce an tara su a bakin iyaka wajen Gamboru, ana jiran umarni su wuce ƙasar Chadi su shiga tsakanin masu faɗa. Ya ce Yaya Haruna ma yana nan da motocinsu. Washegari ta aiko a kira ni, na hau keke na tafi.

Na tarar ta zazzage adudunta, ta fito da gurun marigayi mijinta, Malam Jibo. Shi yake ɗaurawa a ƙugu shekarun da yake kora shanu a ƙasa daga kasuwar Babura zuwa Kurmi. An ce sau biyu ɓarayi suna saransa da adda, riga ta yage, jiki bai yage ba. Ni dai ban gani ba, amma duk Gwiwa ba mai musu. Ta ɗora mini wani zare mai ƙulli a kai.

"Ga awon ƙugun Auta, na auna zuwansa na bara. Ka sake masa fata, ka rage shi daidai wannan ƙullin, ka kai masa. Ba aike na ce ba, da ƙafarka."

Na ce, "Yaya, su biyu ne fa a can."

Ta ce, "Wancan yana cikin ƙarfe, Allah ya riga ya yi masa katanga. Wannan kuwa me ke tsakaninsa da harsashi? Rigar kaki."

Wallahi a lokacin na ga gaskiyarta. Guru kuma ba a raba shi biyu, duk baduku ya san wannan. Aikinka ka ɗinka waje, ba ruwanka da ciki, ranar da aka buɗe shi ya mutu. Na yi masa sabuwar riga ta jar fata, na yanke maɗaurinsa daidai ƙullin zaren. Da na zo tafiya na ji tsoron sa shi a jaka, na gwada a ƙuguna, ko rabin tumbina bai kai ba. Sai na ƙara masa igiya na rataya shi a ƙirji, na ɗora taguwa da babbar riga a kai.

Daga Kazaure zuwa Kano ba wani labari, kiya-kiya ce aka cusa mu, wata mata ta ɗora mini kwandon zabi a cinya ba ko sallama. Labari ya fara ne a motar Yerwa, babban birnin Barno. Ku da kuke yabon sabuwar kwalta, ku je ku hau ta tukuna. Tun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, duk wanda ya iya murɗa makulli ya zama direba. Namu wani siriri ne mai jan ido, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana ɓare goro. Duk kwanar da muka sha sai ka hango gawar mota a gefen hanya, ƙafafu sama. Na ce masa, "Malam direba, ba sauri muke ba." Ya ce, "Baba, wanda ya tsaya ake bugewa." Daga Wudil zuwa Fataskum na karanta duk abin da na haddace tun ina makarantar allo, har da wanda na manta.

A Yerwa na sauka a gidan Malam Audu, wani baduku ɗan Babura da ya daɗe can har ya auri Babarbariya. Baƙo ko da ido makaho ne. Maƙwabtansa suka zo yi mini sannu da zuwa, suka zauna, suka sunkuyar da kai, suna tafa hannu a hankali suna "wushe, wushe". Na amsa na gama, na ɗauka an kammala, har na miƙa hannu ga kwanon abinci. Ashe shimfiɗa aka yi, gaisuwar ba ta ma fara ba. Malam Audu ya take mini ƙafa, na janye hannu na koma tafi. Da aka buɗe kwanon kuma, burabisko ne da miyar kifi, kifin ya fi miyar yawa. Mu da muke ganin kifi sai ruwan Kazaure ya ja baya, na ci har kunya ta kama ni. Matar gidan ta sa aka turara ɗakin da zan kwana da turaren wuta. Da safe na fito ina ƙamshi kamar amarya, har mutumin da ke kusa da ni a mota ya riƙa matsawa.

Daga Dikwa zuwa gaba ƙasar ta sake. Ba dutse irin namu na Roni, ba tudu, baƙar ƙasa ce shimfiɗe har iyakar gani, suna kiranta firgi. Abin da ya fara ɗaure mini kai, mu mun baro gida ana girbi, su kuwa na gan su sunkuye suna shuka dawa. Ba ma shuka ba, dashe, kamar albasa. Mutum ya huda ƙasa da sanda, ya zuba ruwa kaɗan, ya sa tsiro. Na ce wa na kusa da ni, "Waɗannan lafiyarsu ƙalau? Damina ta wuce." Ya ce masakwa ce, ruwan da ƙasar ta shanye shi zai raine ta har ta nuna. Ban gama mamaki ba ƙasar ta nuna mini da kanta. An ce gaba hanya ta lalace, direban babbar motarmu ya ratse ta gefe, wurin a ido busasshe har ya tsattsage. Ba mu yi nisa ba sai ji muka yi lum, mota ta zauna a kan cikinta. Muka sauka, maza suka tuɓe, aka yi ta haƙa ana cusa itace. Ni ban isa in tuɓe ba saboda abin da ke ƙirjina, aka riƙa harara ta ana cewa ga mai sarauta. Da Allah ya fitar da mu, wani tsohon manomi ya shiga gaba da sandarsa yana caka ƙasa, mota tana binsa a baya a hankali har muka koma kan hanya.

Yanzu ga maganar Faransawan Ilu. Na sauka Gamboru da hantsi, na tambayi inda soja suke, wani ya nuna mini gaba da leɓe. Na bi bayan wasu mata masu ɗauke da kwandunan banda, na hau wata gada, na sauka. Ashe na bar Nijeriya. Ina zan sani? A wajen Babura mutum gonarsa tana Nijeriya, ta ƙanensa tana Nijar, ka je ka ci kasuwa da sefa ka dawo ba wanda ya ce maka daga ina. Nan kuwa sai na ji usur. Wani jandarman Kamaru, baƙi dogo, ya tare ni yana zuba Faransanci. Na ce masa sannu da aiki. Ya miƙo hannu, na miƙa masa nawa muka gaisa, ashe takarda yake nema. Ya fara shafa jikina, hannunsa ya faɗa kan gurun, sai ya yi tsalle baya ya dafa bindiga. Saboda faɗan Chadi ana yawan satar shiga da makamai, ya ɗauka ɗamarar harsashi ce.

Nan a tsakiyar kasuwa, gaban mata, aka sa ni na cire babbar riga, na cire taguwa. Ni Tanko, mai jikoki, tumbi a waje! Wannan duk mai sauƙi ne. Sai na ga ya zare wuƙa zai farka gurun ya ga cikinsa. Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. Na ce na shiga uku, in ya farka me zan je in ce wa Yaya? Hausa ba ta yi ba, sai Allah ya tuna mini da ɗan Fillancin da kaka ta bar mini. Na harhaɗa shi yadda ya samu, na ce na uwa ne, za a kai wa ɗanta, soja ne, zai tafi yaƙi. Mutumin ya tsaya yana kallona. Can ya mayar da wuƙar, ya ɓalle maɓallin wuyansa, ya jawo wata 'yar laya da ta yi baƙi don gumi ya nuna mini, ya ce ta uwarsa ce. Da hannu biyu ya miƙo mini gurun, ya raka ni har tsakiyar gada. To kun ji, ba Bafaranshe ko ɗaya, ku faɗa wa Ilu.

Sansanin sojan yana bayan gari, kuma tun daga nesa za ka ga ba ɗaya ba ne, biyu ne. Ta gabas masu baƙar hula da motocinsu a jere an lulluɓe su da raga. Ta yamma sojan ƙasa da tantunansu. Tsakaninsu fili ne da bai fi jifa biyu ba, amma kowa da tukunyarsa, kowa da masallacinsa na kara. Sojan ƙasa suna kiran waɗancan kifin gwangwani, su kuma suna kiransu masu cin ƙura. A bakin shinge na ambaci sunan Haruna, don na san sunan saje ya fi buɗe ƙofa. Ya fito ya cire hula ya rusuna mini, ya aika a kira ƙanensa.

Na hango Bala yana tahowa da gudu, zuciyata ta yi fari. Sai yaron nan ya zo taku uku daga yayansa ya ƙame, ya doka ƙafa a ƙasa har ƙura ta tashi, ya turo ƙirji, ya zuba masa ido ƙyar, ya daka tsawa, "Sa!"

Saura kaɗan in kwaɗa masa mari. Na ce, "Kai Bala! Yayanka kake buga wa ƙafa? A gidan wa ka koyi wannan?"

Sojojin da ke wurin suka fashe da dariya. Haruna ya ce, "Kawu, a nan wannan ita ce gaisuwa. In ya durƙusa mini sai an kulle shi."

Na ce to Allah ya kyauta, ƙasar da ladabi ya zama laifi. Bala ya gaishe ni a tsaye a gurguje, ya ce yana bakin aiki, ya juya. A nan na ji cewa kwanansu ashirin a wurin, ciki ɗaya suka fito, amma ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba.

Muka zauna da Haruna a inuwar motarsa, aka kawo mini shinkafa da wani nama na gwangwani mai kama da dusa jiƙaƙƙiya. Ina sunkuyawa, ya hango jar fata a wuyana. Ya jawo igiyar ya ga guru ne, ya ce, "Wannan na Baba ne."

Na ce, "Shi ne."

"Na wa?"

"Na Bala."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Me Inna ta ce?"

Kun san bakina ba shi da linzami. Maimakon in ce tana gaishe ku, sai na zazzage masa maganar yadda take, har da ƙarfen, har da katangar. Ya yi wata dariya da ban so ba. Ya miƙe ya je ya yi magana da hafsansu, ya dawo ya ce, "Taso, Kawu, ka ga katangar da idonka."

Ƙofar abin a sama take, faɗinta bai wuce bakin randa ba. Na zura ƙafafu, na zo tumbi na maƙale, ba gaba ba baya. Soja biyu suka danna kafaɗuna, wani ya ja ƙafata ta ciki, rigata ta kama wani ƙarfe ta yage har hammata, na faɗa ciki tim. Jama'a, na sha jin zafi a duniya, amma ban taɓa shiga tanderu da raina ba sai ran nan. Warin mai ya cika hancina. Ba wurin miƙe ƙafa, ba wurin ɗaga kai, duk inda ka juya ƙarfe ya doke ka. Haruna ya shigo ya zauna kusa da ni yana nuna mini. Waɗannan da ke jere ta damana, harsasan igwa ne. Na hagu ma su ne. Abin da na jingina da shi, bayansa mai ne. Ya ja murfin ya rufe, duhu ya rufe mu.

Ya ce, "Sa idonka a nan." Wani ɗan gilashi ne, bai fi yatsa biyu ba. "Me kake gani?"

Na ce, "Wata aduwa can nesa."

"Sai me?"

"Ba komai. Fili fetal."

"Kana jin wani motsi?"

"Numfashina kawai."

Ya tura murfin ya ce in leƙa. Na zuro kai, sai na yi salati da ƙarfi. Sojan ƙasa shida ne kewaye da motar. Ashe tun kafin mu shiga ya aika a turo su. Biyu sun jingina da ita, ɗaya yana kwance a gindin sarƙar, ɗaya kuwa yana zaune daram a samanta, dab da kaina, yana ɓare gyaɗa. Bala yana cikinsu. Ban ga zuwansu ba, ban ji takunsu ba.

Na ce, "Haruna, da abokan gaba ne fa?"

Ya ce, "Kwalbar fetur ɗaya da ashana sun isa."

Da aka zaro ni, ya sallame su, ya ja ni gefen motar inda ba mutane. Ya ɓalle rigarsa ya juya mini baya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni baduku ne, rayuwata duk a kan fata ta ƙare, na san ƙirgin da aka manta kusa da wuta. Haka bayansa yake, daga wuya har ƙugu, ya gangaro hannun hagu. Na zauna a ƙasa.

Ya ce tun lokacin yaƙi ne, a wata siririyar hanya cikin kurmi. Sojan ƙasan da ke rakiyarsu suna tafiya a hankali suna duba daji, su kuma suka gaji da jira, suka ce masu cin ƙura sa tarar da mu, suka taka mota suka bar su a baya. Ba su ga wanda ya jefa musu wutar ba har yau. Su uku ne a ciki, shi kaɗai ya fito. Shi ma ba da ƙarfinsa ba, wani sojan ƙasa ne ya iso da gudu ya hau motar tana ci, ya jawo shi ta wannan bakin randar. Ko Hausa mutumin ba ya ji, ko sunansa bai samu ba.

Sai na tuna duk zuwan da yake yi hutu. Ana tsananin zafin bazara, maza sun tuɓe a gindin rijiya, shi yana nan da riga mai dogon hannu a ɓalle har wuya. Muka ce girman kan bariki ne. Ni da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Na ce, "Shekara goma sha biyu, ɗan nan? Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa wa wa, Kawu? Inna tana samun barci ne don tana ganin ɗaya yana cikin ƙarfe. In je in tashe ta?" Ya mayar da rigarsa. "Ka ba Bala abinsa. Ita kuma kada ka gaya mata."

Da safe aka yi atisaye, wani tsohon samanja na sojan ƙasa ya tsayar da ni a kan tudun tururuwa muna kallo. Da na ɗauka motocin ne a gaba suna kare mutane. Ashe mutanen ne a gaba da gefe da gefe, suna leƙa kowane rami, wasu har da sanda suna caka firgi kamar tsohon nan na hanyar Dikwa. Ƙaton ƙarfen yana binsu a baya, makaho da ɗan jagora sak. Da aka busa usur wai an buɗe musu wuta daga nesa, sai na ga duk sun ruga sun laɓe a bayansa, shi kuma ya juya igwa ya yi wata tsawa da ta sa na zame daga kan tudun. Samanjan ya ɗaga ni yana dariya. Ya ce, "Mu ne idonsu, su ne garkuwarmu. Amma in ka gaya musu na faɗi haka, zan ƙaryata ka."

Da aka tashi na nemi Bala a tantinsu, na ciro gurun na sa masa a hannu, na faɗa masa saƙon uwarsa. Amana ta sauka. Ya riƙe shi ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Kawu, ka ba ni?"

"Na ba ka."

"Ya zama nawa?"

"Naka ne."

Sai ya miƙe ya nufi filin nan na tsakiya, ni ina binsa da haki. Masu baƙar hula suna yi masa ihu, "Mai cin ƙura, ka ɓata hanya?" Bai kula su ba. Ya je gaban Haruna ya doka ƙafa ya ce, "Sa! Ina neman izini in yi magana da yayana." Haruna ya dubi hagu da dama, ya ce an ba ka. Yaron nan ya cire hula, ya zube a ƙasa ya durƙusa irin na gida, ya ɗaga gurun sama.

Haruna ya ce, "Tashi. Inna kai ta ce."

Bala ya ce, "Yaya, jiya da ka sallame mu ban tafi ba. Ina jingine ta ɗaya gefen motar, na leƙo na gani. Ba ka gan ni ba." Ya ƙara ɗaga gurun. "Ni in abu ya taho ina ganinsa, in kwanta, in faɗa rami, in gudu. Kai fa? In kuma taka ta kama wuta, ni a bayan me zan laɓe?"

Ba wanda ya ƙara yin ihu. Can Haruna ya ɗaga hannuwansa. Bala ya zagaya masa gurun, sai ya ƙi haɗuwa. Awon Auta ne, saura taƙi guda cur. Dukansu suka juyo suna kallona.

Na san abin da aka aiko ni, na san kuma abin da na gani. Baduku ba ya tafiya ba basilla. Na zauna a kan sarƙar motar, na yanko fata daga bakin jakata, baƙa ce ma ba ja ba, na ƙara taƙin nan. Na kwantar da ɗinkin lif, ban bar ko ɗan kunnen fata a waje ba, don na tuna yadda ƙofar nan ta kama rigata. Ran nan su biyu suka ci abinci a kwano ɗaya, ni na uku. Da zan taho ana ta ɗaure kaya, an ce tafiyarsu ta matso.

Hanyar dawowa ban ga komai ba, ko gudun direba ban ji ba. Daga Gamboru har Kazaure ina ta shirya abin da zan ce. Na biya gida na ɗauki keke, na iso Gwiwa bayan azahar, na tarar da Yaya tana sussukar wake a tsakar gida. Ta kawo ruwa, muka gaisa, ta zauna.

"Ka kai masa?"

"Na sa masa a hannunsa, Yaya." Wannan gaskiya ce.

"Ya yi masa daidai?"

Na shirya wa kowace tambaya amsa ban da wannan. A tambayi baduku awo ya yi ƙarya? Kafin in kama bakina na ji na ce, "Sai da na ƙara taƙi ɗaya."

Ta ajiye waken. Ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yawo ba wando. Ta ce, "Auta bai yi ƙiba a soja ba, Tanko. Ni na auna shi."

Haruna ya ce kada in faɗa, Allah ya yafe mini, na faɗa. Na faɗa mata duhun, da ɗan gilashin, da mutum shida da ban gani ba. Na faɗa mata dalilin riga mai dogon hannu. Na faɗa mata abin da ya ce game da barcinta. Ina jira ta yi kuka ko ta zage ni, ko ɗaya ba ta yi ba. Aka kira la'asar, ta ɗauki buta ta shige bayan zana.

Na yi tawa sallar a zaure na dawo in ɗauki jakata, sai na jiyo muryarta ta cikin zanar, ta idar tana addu'a. Ta ce, "Ya Allah ka tsare mini Bala," yadda ta saba. Har na ɗaga ƙafa zan wuce. Sai na ji ta ce, "Ya Allah," ta tsaya, ta ja numfashi. "Haruna." Ta sake faɗa. Ta faɗa na uku. Ni da furfurata na tsaya riƙe da jaka hawaye yana zuba a gemuna.

Ta fito tana naɗe tabarmar salla, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kafin ka hau kekenka, ka biya ka kira mini malamin makaranta. Wasiƙa za a rubuta."

Na goge fuska na ce, "Zuwa ga wa, Yaya?"

Ta ce, "Ai ka ji sunan."